Ƙarar da ke Kunnen Dogo

Tun ranar da bututun iska ya fashe kusa da kan Dogo a kamfanin kwalabe, matarsa Auta ta daina sa takalmi a cikin gida. Da safa take yawo, a kan 'yan yatsu, kamar wadda ta shigo sata gidan kanta. Ta cire wa agogon bango batiri. Ta shimfiɗa tawul a kan teburin kicin don kada kofi ya yi ƙwas idan an ajiye shi. Ta hau bene da ƙafarta ta roƙi maƙwabciyarsu ta sama, har da ɗan durƙuso, a daina barin yara suna jan kujeru. Duk wannan saboda magana ɗaya da ta riƙe daga bakin likita ranar da aka sallame su: a kiyaye shi daga ƙara mai ƙarfi. Likitan ya faɗi wasu abubuwa bayan haka, amma a lokacin idonta na kan audugar da ke kunnen mijinta, hankalinta bai ɗauki sauran ba.

Raunin ya warke. Jinsa ya dawo, ko da yake ba duka ba. Dogo ne dai bai dawo ba.

Ba su cika shekara da aure ba. Da can, in ya tashi daga aiki sai ya kwaso kamfanin gaba ɗaya ya shigo da shi ɗaki. Ya kwaikwayi tafiyar shugaban sashe, ya yi muryar mai gadi, ya ba ta labarin kwalbar da ta maƙale a inji kamar labarin yaƙi, ita tana ta dariya har ta manta da tukunya a wuta. Yanzu maganarsa ta koma "to" da "a'a" da "bar shi kawai". Sau ɗaya ya nuna kunnensa na hagu ya ce mata, "Akwai wata ƙara a ciki." Daga nan bai ƙara ba. Ita kuwa sai ta daɗa rage murya, har gaisuwar safe ta koma raɗa.

Abin da ya fi ci mata rai shi ne banɗaki. Da ta dawo daga aiki ta zauna kusa da shi, gida ya yi tsit, sai ya miƙe ya shige banɗaki ya ja ƙofa ya kunna famfo. Ba wanka yake yi ba. Ta taɓa leƙawa ta gan shi zaune a kan bokitin da ya kifa, kansa jingine da bango, ruwa na ta zuba a banza. Ta koma bakin gado ta zauna tana tambayar kanta laifin da ta yi, har zama da famfo ya fi masa zama da ita.

Inna, mahaifiyarsa, mace ce mai sanyin hali, ba ta taɓa ɗaga wa Auta murya ba. Shi ya sa maganarta ta fi shiga jiki. Ranar da ta zo duba shi, ta kama hannun surukar tata ta riƙe.

"'Yata, kin yi ƙoƙari, Allah ya gani. Amma dube ki, kin rame, shi ma ya rame. Gidan nan naku a bakin titi yake. Can wurina kuwa ko kukan mota ba a ji. Ya zo ya zauna ya huta, har ya samu kansa."

"Har yaushe, Inna?"

"Har ya samu kansa, 'yata."

Auta ta juya ta dubi mijinta, tana jira ya ce wani abu, ko da tari ne. Ya kafa wa ƙasa ido ya ce, "To, Inna."

Aka tsayar da Asabar mai zuwa, wansa zai kawo mota. Babu wanda ya ce kada Auta ta bi shi, babu kuma wanda ya ce ta bi. Gidan Inna yana can ƙarshen gari, wurin aikinta yana wannan ƙarshen. Zuciyarta ta gaya mata abin da bakinta ya ƙi faɗa: mutumin da ke guje mata zuwa banɗaki, in ya tsallaka gari, da wuya ya waiwayo.

A shagon wanki da guga take aiki, wani dogon ɗaki mai zafi, injinan wanki a jere a baya, na busarwa a gefe, tururi na tashi daga teburan guga har madubin ƙofa ya yi gumi. Abokiyar teburinta wata babbar mace ce da kowa ke kira Uwar Zance, wadda hannunta da bakinta ba sa hutawa lokaci guda.

"Auta, rigar nan ta zage ki ne? Tun ɗazu hannu ɗaya kike bi."

"Yi haƙuri, Anti."

"Ni me zan haƙura? Mai rigar ne zai zo ya tarar hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Ya jikin maigidan naki?"

"Da sauƙi."

"Sauƙin da ya cinye miki kumatu? To, Allah ya ƙara irin na gaske."

A bakin kanta wata ma'aikaciyar asibiti ke tsaye tana jiran fararen kayanta, iyafis a kunne, tana ɗan kaɗa kai. Ta sunkuya za ta ɗauki jakarta, igiyar iyafis ɗin ta maƙale a hannun jakar ta fizge daga wayarta, abin da take ji ya zubo cikin shagon.

Auta ta tsaya da dutsen guga a sama.

Ba waƙa ba ce, don babu mai rerawa. Babu ganga, babu tsirkiya, babu wani abin busa da ta sani. Wani sauti ne mai kauri a can ƙasa, yana shiga yana fita kamar numfashin mai barci, a kansa wasu ƙananan sautuka suna ɗiga ɗaya-ɗaya kamar ruwa daga gefen rigar da aka shanya. Ya tafi ya dawo, ya sake dawowa, kowace dawowa da ɗan abin da ya canza. Injin busarwa da ke bayanta yana juya wani bargo, tim, tim, sai ga shi bugun ya faɗa daidai cikin kiɗan kamar sun yi shawara. Shekara da shekaru tana jin injin nan, ba ta taɓa sanin yana da daɗi ba.

"Baiwar Allah, wayarki ta lalace," in ji Uwar Zance.

Matar ta yi dariya tana laluben igiya. "Kiɗa ne, Anti."

"Kiɗa? Ina mawaƙin? Ko ya tafi cin abinci ya bar inji a kunne?"

Auta ta ajiye dutsen ta matso. "Don Allah, 'yar'uwa, mene ne sunansa?"

"Kiɗan lantarki ake ce masa. Da na'ura ake haɗa shi. Iri-iri ne, ki duba a intanet, sai kin gaji." Ta karɓi kayanta ta fita da sauri, ta bar Auta da abu a ƙirji wanda ba ta san inda za ta ajiye shi ba.

Da lokacin hutu ya yi, ba ta ci komai ba. Ta zaga bayan shago ta zauna a kan matakala, tsakanin jarkokin sabulu, ta rubuta sunan a wayarta. Abin da ya fara fitowa ya kusa korar ta: dubban mutane cikin fitilu masu walƙiya, hannuwa a sama, wani bugu kamar ana fasa dutse da guduma. Ta kashe. Ba wannan ba ne. Sai ta koma rubutu kamar mai cigiyar yaron da ya ɓata a kasuwa, tana ba da kamanni: mai sanyi, marar waƙa, mai tafiya a hankali, mai kama da ɗigar ruwa. Wannan ya kai ta wancan, wancan ya buɗe mata wata ƙofar.

Ashe duniya ce guda, ta daɗe a nan, ita ce ba ta sani ba. Ta ga wata tsohuwa mai farin gashi zaune gaban wani akwati da wayoyi suka fito masa kamar hanji, ta murɗa wani ɗan maɓalli, sauti ya lanƙwashe kamar an tanƙwara kara. Ta ga wani saurayi da ya ɗauki gurnanin firjin ɗakinsa da kukan ƙofar kabad, ya jera su, ya mai da su abin da ke sa tsikar jiki tashi. Ta karanta cewa akwai na rawa, akwai na zama, akwai wanda ake yi don kawai ya cika ɗaki kamar ƙamshi. Yawancin bayanan ba da harshenta suke ba, manhajar fassara ce ke juya mata su, wani lokaci ta juya su a karkace har Auta ta yi murmushi. Kwana biyu haka, duk hutu tana kan matakala. Tana jin daɗi, tana jin kunyar daɗin. Mijinta na shirin tafiya, ita tana nan tana shan sauti kamar mai ƙishirwa. Sai a lokacin ta gane ita ma yunwar ƙara take ji, gidan da ta kashe wa murya ya fara cinye ta.

Ana saura kwana kaɗan Asabar ta yi, tana sauraron wani dogon kiɗa mai tafiyar hawainiya, ta gangara ƙasa tana karanta abin da mutane suka rubuta. Wani ya ce da shi yake karatu. Wata ta ce da shi take lallashin jaririnta. Sai wani, fassarar ta kawo shi a ɗan gurguje:

"Kunnena yana kuka tun da na yi aiki a filin jirgi. Wannan kiɗan ne kaɗai ɗakin da nake iya zama a cikinsa."

A ƙarƙashinsa wata ta amsa: "Ni ma haka. Shiru ne abokin gabata. In gida ya yi tsit sai ƙarar ta cika mini kai, har in gudu in kunna famfo."

Auta ta karanta. Ta sake karantawa. Jikinta ya yi sanyi tun daga yatsun ƙafa, duk da zafin da ke fitowa ta tagar shagon. Da hannunta ta gina wa mijinta kurkuku, har ta shimfiɗa masa tawul a ciki.

Ta bi adireshin da mai amsar nan ta bari a ƙasan rubutunta, ta faɗa wani zaure na intanet inda masu irin wannan lalura ke haɗuwa. Suna maganar ƙararsu kamar yadda ake maganar maƙwabci mai fitina: tawa siririya ce, tawa tana huci, tawa ta fi tashi da safe. Suna jan kunnen juna cewa kiɗa ba magani ba ne, kada a ƙure sauti, a koma wurin likita. Kuma suna da wata 'yar manhaja, layi ɗaya ne kawai a fuskar waya, in ka ja yatsa a kai sauti ya tashi daga mai kauri zuwa siriri. Da ita kowa ke nemo irin tasa ƙarar, ya nuna wa na kusa da shi.

Ta shiga shago tana kwance ɗaurin rigar aiki. "Anti, zan je gida."

Uwar Zance ta dube ta sama da ƙasa, ba ta tambayi komai ba. "Je ki. In Oga ya tambaya zan ce dutsen guga ya ƙone ki a zuciya."

Rana ba ta yi sanyi ba ta isa. Tun daga ƙofa ta jiyo famfo. Ba ta cire takalmi ba. Ta taka har bakin banɗaki, ƙwas ƙwas ƙwas, ta buga ƙofar da tafin hannu.

"Maigida, buɗe."

"Ina zuwa."

"Ba inda kake zuwa, a kan bokiti kake. Buɗe."

Ya buɗe da sauri, idonsa a firgice. "Lafiya? Wani abu ya faru?"

"Ruwan nan, saboda ƙarar kake kunna shi?"

Ruwan na ta zuba a bayansa. "Wa ya gaya miki?"

"Wani mutum na filin jirgi."

"Wane mutum kuma?" Gira ta haɗe. Rabon da ta ga wani abu ya motsa a fuskar nan har ta manta.

"Ban san shi ba, bai san ni ba. Ka ba ni amsa."

Ya koma ya zauna a kan bokitin, dogayen ƙafafunsa sun tokare bango. "In ruwa na zuba, sai ta ja baya kaɗan."

"In gida ya yi shiru fa?"

"Sai ta zama ita kaɗai ce a duniya."

Kukan da ta daɗe tana haɗiyewa don kada ya yi ƙara ya ƙwace mata. "Shi ne ka bar ni ina yawo da safa kamar ɓarauniya? Ka bar ni ina maka raɗa? Na ɗauka ni kake gudu! Wallahi na ɗauka ganina ne ba ka so!"

"Ta yaya zan gaya miki, Auta? Ina kallo kika hau bene kika durƙusa wa mutane saboda ni. Sai in buɗe baki in ce duk wahalar nan da kike yi ita ke ƙara mini? Kuma mutum ya riƙa cewa yana jin abin da ba wanda ke ji, ai kin san sunan da za a sa masa."

"Gidan Inna fa? Can shirun ya ninka na nan."

"Na sani."

"To me ya sa ka ce to?"

Ya ɗago ya dube ta, karon farko cikin ido. "Don ki huta. Ki yi waya da ƙawayenki. Ki yi dariya ba sai kin toshe baki ba."

Ta share fuska da bayan hannu, ta miƙa ta kashe famfon. Ya ɗan runtse ido. Ta zauna a ƙasa kusa da shi, a kan tayil mai jiƙa, ba ta damu da zaninta ba, ta ajiye wayar a kan gwiwarsa.

"Ina so in ji ta."

"Ba a jin ta. A cikin kaina take."

"Na sani. Zan ja yatsa a kan layin nan, sauti zai riƙa canzawa. In ya yi kama da taka, ka tsayar da ni."

Ta rage muryar wayar sosai kamar yadda aka yi gargaɗi, ta fara daga ƙasa. Wayar ta yi wani gurnani.

"Wannan ai babbar mota ce," in ji shi. "Hau sama."

Ta ja.

"Ƙara. Ƙara dai. Wannan sauro ne, tawa ta fi shi rashin kunya. Ƙara." Ya sunkuyo, ya karkata kai, hannunsa ya fara yi mata alama kamar mai taya direba ja da baya. "A'a, kin wuce. Dawo kaɗan. Kaɗan, Auta, ba guga kike ba. Yauwa. Ɗan ƙara siranta ta."

Ta matsa da ƙyar, kamar kaurin gashi.

"Tsaya."

Ta tsaya.

Wani siririn sauti ne, marar hawa marar sauka, kamar an ɗora wayar ƙarfe a wuta ta yi ja an soka ta daga wannan kunne zuwa wancan. Ba shi da farko, ba ya nufin ƙarewa. Auta ta ji haƙoranta sun haɗu. Idonta ya kawo ruwa, ba na kuka ba ma tukuna.

"Ita ce?"

"Ita ce." Yana kallon wayar kamar wanda aka fito masa da ɓarawon da ya daɗe yana faɗa ba a yarda ba.

"Kullum?"

"Kullum."

"Har lokacin da nake maka magana?"

"Har yanzu. Yanzu ma biyu ce, ta waje da ta ciki."

Ya kai hannu zai kashe, ta riƙe hannun. "Bar ta tukuna. Ka daɗe kai kaɗai da ita."

Suka zauna haka, su uku har da ƙarar, a cikin banɗakin da bai ishi mutum biyu ba. Kafaɗarsa ta fara girgiza. Ta jingina kanta a gwiwarsa ta bar shi ya yi, ba ta ce masa ya yi haƙuri ba.

Da ya lafa, ta kashe sautin, ta nemo dogon kiɗan nan mai tafiyar hawainiya ta kunna a hankali. Sauti mai kauri na ƙasa ya fara numfashi. Ƙananan suka fara ɗiga. Dogo ya rufe ido ya daɗe.

"Ba ta tafi ba," ya ce.

"An ce ba ta tafiya. Sun ce ba magani ba ne."

"Amma ta samu 'yan'uwa. Ta shiga cikinsu ta zauna." Ya buɗe ido ɗaya. "Wannan na ƙasan, kin san da me ya yi kama? Injin layinmu na kamfani in an kunna shi da safe, kafin ya ɗau zafi. Haka yake yi, sai ka ji ƙasa na motsi a tafin ƙafarka. Wai da me suke yin sa?"

Jimla ce mafi tsawo da ya yi tun daga asibiti. Auta ta yi kamar ba ta lura ba, don kada ta kore ta. Ta nemo masa bidiyon akwatin nan mai wayoyi. Ya kalla, ya ce a maimaita, ya ce ai wannan in ka bi igiyar ja za ka ga inda sautin ke shiga, ya karɓe wayar gaba ɗaya. Sai da ta ce ƙafarta ta mutu sannan suka tuna akwai kujeru a gidan.

Sauran kwanakin, Uwar Zance ta ara musu wata 'yar sifika. Kiɗan na tafiya ƙasa-ƙasa a falo tun safe. Akwai kiɗan da ya karɓe shi, akwai wanda ya ce a cire maza, yana tsokano masa ƙarar. Wata rana ya tashi da sauƙi, wata rana ya tashi fuska a murtuke, amma yanzu yana faɗa. Suka sa ranar komawa wurin likita tare. Abu ɗaya ne ya rage: ya riga ya ce wa Inna to, kuma Dogo bai taɓa mayar wa mahaifiyarsa magana ba. Jakarsa ma ya haɗa ta, ya ajiye bakin ƙofa, ya ce kada Inna ta zo ta ga kamar an raina ta. Duk wucewar da Auta za ta yi sai ta harari jakar.

Asabar da hantsi suka iso, Inna a gaba, wansa a baya yana kaɗa makullin mota. Aka gaisa, Auta ta kawo shayi. Inna ta karkata kai.

"Wannan gurnanin fa? Firjinku ne ya lalace?"

"Kiɗa ne, Inna," in ji Dogo.

Wansa ya tuntsire da dariya. "Kiɗan 'yan sama jannati kenan. Ƙanena, ashe abin har ya kai nan?"

"Yaya, bari in yi magana." Dogo ya sauko daga kujera ya zauna a ƙasa gaban mahaifiyarsa. Ya gaya mata komai, a hankali, yana tsayawa yana ci gaba: ƙarar, da famfon, da abin da shiru ke yi masa, da yadda Auta ta gano abin a waya. Inna na sauraro, hannunta a kan kofin da ba ta sha ba.

"Yanzu waya ce za ta gaya mini abin da ke damun ɗana?" ta ce, ba da faɗa ba.

"A'a, Inna," in ji Auta. "Shi ne ya gaya mini. Wayar dai ta ara masa baki ne. In kun yarda, ku ma ku ji."

Ta kashe sifikar. Ta buɗe manhajar, ta kai yatsa inda suka yi alama, ta kunna.

Wan Dogo ya zabura har shayi ya zube masa a wando. "Kai! Kai! Kashe abin nan!" Ya cusa yatsu a kunnuwa.

Inna ta dube shi, ta dubi wayar. "To ku kunna mana."

"An kunna, Inna."

Ta karɓi wayar ta kai kunnen dama. Ta mayar na hagu. Ta ture ɗankwalinta gefe ta sake kangawa. Shekaru sun riga sun ɗauke mata siraran sautuka, ba ta ma san sun tafi ba. Ta sauke wayar a hankali ta riƙe a cinya, sautin na ci gaba da tsaga ɗakin. Ta dubi babban ɗanta da yatsu a kunne, fuska a yamutse. Ta dubi Dogo. Sannan ta dubi Auta, wadda ke zaune hannuwanta a kan gwiwa, idonta ya cika da ruwa, amma ba ta kai hannu kunne ba.

"Ni ban ji komai ba," in ji Inna. Muryarta ta yi ƙasa. "Ni na haife shi, ban ji ba." Ta juya ga surukarta. "Ke kin ji?"

"Na ji, Inna."

"Haka yake da zafi?"

"Haka yake."

"Kuma kika zauna."

Inna ta miƙa wa Auta wayar, ta kashe. Tsohuwar ta ɗauki kofinta ta sha shayin da ya huce, har ƙasa, kamar mai neman abin yi da hannunta. Ta goge baki da gefen mayafi.

"Kai," ta ce wa babban, "cire yatsun nan, an kashe. Tashi mu tafi."

"Jakar fa, Inna?"

"Jakar taka ce?"

A bakin ƙofa ta tsaya ta dafa kan Dogo, da yake sai da ya sunkuyo kafin hannunta ya kai. "Ranar komawa asibiti ku biyo ku ɗauke ni. Ina da tambayoyi." Ta juya ga Auta. "Ke kuma ki riƙa cin abinci. Ban ce ki rame mini ba."

Wansa ya bari Inna ta fara sauka, ya dawo da baya ya rage murya. "Amarya, wannan mai gurnanin na ɗazu, turo mini shi. Ba don komai ba, saboda cunkoson hanya."

Da ƙarar motarsu ta ɓace cikin sauran motocin titi, Dogo ya ɗauki jakar ya shige ɗaki. Auta ta kwashe kofuna ta kai kicin, ta tsaya gaban wurin wanke-wanke. Ta jiyo zif ɗin jaka, ta jiyo ƙofar kabad.

"Auta! Ina kika kai hangogin rataye kayan nan?"

"Shago na mayar da su. Na ɗauka tafiya za ka yi."

"To sai ki dawo da su."